Mai Almakashi da Kujerar Bakin Ƙofa

Akwai wani tela da mutanen layinsu ke kira Mai Almakashi, domin idan ya shimfiɗa yadi a tebur ya ja layi da alli, yankansa ba ya neman gyara. Shi da ƙaninsa suka gaji shagon daga mahaifinsu. Ƙanin shi ne ɗan ƙarshe a gidan, don haka har ya kai shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya uku, Auta kowa ke ce masa.

Shagon ɗaki ne mai tsawo a ƙasan wani bene. Teburin yanka yana bakin ƙofa, tare da wata kujera mai hannu da mahaifinsu ya shekara talatin a kanta. Kekunan ɗinki biyu suna daga ciki, kusa da wurin guga. Can sama, a hawa na uku, suna da ɗan ɗakin da suke ajiye bandir-bandir na yadi.

Tsarin aikin kuwa tun zamanin mahaifinsu yake: wanda ke teburin yanka shi ke tarbar mutane, shi ke awo, shi ake yi wa godiya. Na kan keke sai dai a ji ƙarar kekensa. Mai Almakashi ya hau kujerar nan yana da shekara arba'in da huɗu, kuma a duniya babu abin da yake so kamarta.

Ciwon suga ne ya kwantar da mahaifinsu har ya rasu. Da aka share makoki, mahaifiyarsu ta tasa su a gaba, ta ce ba za ta sake jinyar wannan ciwo a gidanta ba, su je asibiti a duba jininsu. Suka tafi, ba don suna so ba.

Likitar da ta gan su wata dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta duba takardun gwajin jininsu ta ce babu wanda ciwon ya kama tukuna, amma dukansu suna bakin iyaka, kuma na Auta ya fi matsawa kusa.

Allah ya gani, Mai Almakashi ya ji wani ɗan sanyi a ransa da ya ji nasa ya fi na ƙaninsa kyau. Ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa.

Likitar ta yi musu bayani yadda za su gane. Ta ce a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, musamman na tsoka, akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya. Aikinsu kamar na murhu ne: su ke ƙona suga da kitsen da mutum ya ci su mayar da su ƙarfi. Tsokar da ke aiki tana ƙara yawan murhunta, kuma su riƙa ci da kyau. Wadda aka bari a zaune kuwa, murhunta sukan ragu su yi rauni, kitse ya taru a cikinta, ta daina jin maganar insulin, wato sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofar shiga tsoka, sai suga ya rasa mashiga ya yi ta yawo a jini.

"Ba shi kaɗai ne dalili ba," in ji ta. "Amma ku da kuka gaji ciwon nan, zaman wuri ɗaya ba naku ba ne. Ku yi tafiya, ku hau bene, ku rage zaƙi. Bayan shekara ku dawo."

A hanyar komawa Mai Almakashi ya yi ta zolayar ƙaninsa, yana cewa ashe murhun Auta jiƙaƙƙen itace aka sa masa. Auta ya yi dariya, shi ma ya yi, aka bar maganar a nan.

Abin da ya ɓata lamarin ya faru ne bayan wata biyu. Akwai wani tsohon shugaban makaranta da ya daɗe yana ɗinki a shagon, mutum mai tsantseni, wanda ba ya yabon abu sai ya juya shi ciki da waje. Ya zo karɓar rigarsa, ya ɗaga wuyanta ya duba, ya bi ɗinkin hannun da ɗan yatsa, sannan ya tambayi wanda ya ɗinka. Aka ce Auta ne.

Tsohon ya leƙa ciki ya ce, "Ashe hannun babanku wurinka ya sauka."

Magana ce ta minti ɗaya, amma Mai Almakashi ya kwana da ita ya tashi da ita. Shi da ya yanka rigar ba a ko dube shi ba. Daga ranar ya fara lura da abin da da bai damu da shi ba. Wannan ya shigo ya gaishe shi a tsaye, ya wuce ciki ya zauna kusa da keken Auta. Wancan ya ce a gaya wa Auta ya yi masa irin aljihun da ya yi wa wane. Wata mata ma ta tsaya a gabansa, da tef ɗin awo rataye a wuyansa, ta tambaye shi ko telan yana nan.

Hassada ba ta shigo masa da hayaniya ba. A hankali ta zauna masa a ƙirji, har ya zamana ƙarar keken ƙaninsa ma ɓata masa rai take yi.

Sai ya zauna ya shirya dabara. Ya ce shago ya ci gaba, dole a canza tsari. Ya sa labule tsakanin tebur da kekuna, wai saboda ƙura. Ya ce Auta ya riƙa zuwa da sassafe ya yi ɗinkinsa kafin mutane su fara shigowa, daga hantsi kuma ya fita: kai kaya gidajen mutane, sayen zare da maɓalli da zif a kasuwa, sauko da yadi daga hawa na uku da mayar da wanda ya rage. Babur ɗin shago kuwa, ya ce injinsa ya buga, ya kai shi gidansa ya rufe da tamfol.

Auta bai yi musu ba. Ya ce, "To, Yaya." Ya nemo wani tsohon keken hawa ya ɗaura masa kwando a baya.

Ku ga mutum da ƙarfin hali. Idan Auta ya dawo da wuri, sai yayan ya tuna an manta farin zare. Idan ya kawo farin zare, sai a ce bandirin da ya sauko da shi ba shi ake nufi ba, ya koma sama ya canzo. Akwai ranar da Auta ya hau benen nan sau tara. Mai Almakashi yana zaune yana ƙirgawa, yana jin daɗi.

Shi kuwa ya kafe a kujera. Ba ya yarda ya matsa ko nan da can, don kada wani ya shigo ya tarar da Auta shi kaɗai. Da can yakan taka zuwa gida cin abincin rana, sai ya koma a kawo masa. Masallacin da ke ƙarshen layi ma ya daina zuwa da rana, ya riƙa yin sallarsa a gefen tebur. Da safe shayi mai suga cokali huɗu da burodi, da rana lemon kwalba mai sanyi, da la'asar wani. Yana gadin kujera, kujera tana gadinsa.

Dabarar ta yi aiki wata shida, daga nan ta fara juyewa. Auta da ke shiga gidajen mutane ya zama ɗan gida a ko'ina. Yana tafe da allura da zare a aljihu, idan riga ta ɗan yi yawa ya gyara ta nan take, a ba shi ruwa, a yi hira. Mutanen da aka hana su ganinsa a shago suka koma ganinsa a falonsu.

Ga kuma jiki. Tumbin Auta ya zube, wuyansa ya fito, tafiyarsa ta yi sauƙi. Wata safiya Mai Almakashi ya ɗaga labule ya tarar da shi yana rage ƙugun wandonsa da inci biyu. Ya saki labulen ya koma kujerarsa, domin a makon nan shi ma ya yi aiki a kan nasa wandon, sai dai shi buɗewa ya yi, kuma sai da ya tabbatar babu kowa a shagon.

Matarsa ma ba ta taimaka ba. Suna cin abinci ta ce ta haɗu da Auta a hanya, da ƙyar ta gane shi, kamar ana rage masa shekaru. Ta ƙara da cewa shi kuwa maigidanta in aka ci gaba a haka, da kujerar za a riƙa kawo shi gida. Wasa take yi, amma sai ya tsame hannunsa daga abincin.

Da shekara ta cika Auta ya koma asibiti shi kaɗai, domin yayan ya ce akwai aiki. Ya dawo da takarda yana murmushi: jininsa ya sauka daga bakin iyaka, ya koma daidai. Mahaifiyarsu ta riƙe takardar kamar ta iya karanta ta, tana ta sa masa albarka. Sannan ta juyo ta tambayi babban ɗanta nasa sakamakon.

Nan ne ya yi kuskuren da ya fi kowanne. Ya hango ranar da za a ajiye takardarsa kusa da ta Auta a gaban tsohuwa, a ga ƙaninsa ya sake wuce shi. Zuciyarsa ta ƙi. Ya ce ai shi tun makon jiya ya je, an ce lafiyarsa lau, takardar ce ya manta a shago.

Haka ya yi a shekara ta biyu, da ta uku, da ta huɗu. Ba tsoron allura ya hana shi ba, ba kuma rashin lokaci ba. Ƙyashi ne kawai, ba ya son a gwada shi da ƙaninsa.

Jiki kuwa ba ya karɓar irin wannan uzuri. Ƙishirwa ta fara damunsa, ya sha ruwa kamar an aiko shi, ya yi ta zaryar bayi. Da azahar barci ya riƙa fizgarsa a zaune. Tafin ƙafarsa ya riƙa yi masa kamar yana taka auduga. Abin da ya fi tsorata shi shi ne layin alli, wanda wani lokaci yakan dushe masa a kan yadi, ya rasa inda ya fara da inda ya ƙare.

Ya ce ƙwan lantarki ne, ya canza. Ya ce allin yanzu ba shi da kyau, ya canza. Ya sayi tabarau a kasuwa ya riƙa ɓoye shi a aljihun tebur.

Auta ya lura. Ya daɗe yana gyara yankan yayansa a ɓoye bayan labule, yana rage nan yana ƙara can. Wata rana ya daure ya ce ko za su koma wurin likitar nan tare, ko don ido. Mai Almakashi ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa.

"Idan teburin kake so, ka fito fili ka faɗa. Ba sai ka ɗora mini makanta ba."

Auta ya ɗauki kwandonsa ya fita.

A shekara ta biyar, tsohon shugaban makarantar nan ya shigo da wani yadi a naɗe cikin takarda. Ɗansa ne ya aiko masa daga wata ƙasa, na riga ɗaya tak, kuma ita yake so ya sa ranar auren 'yarsa ta ƙarshe. Ya ajiye shi a tebur a hankali, ya ce yana roƙon alfarma, ba don raini ba: yana so Auta ya yanka, Auta ya ɗinka.

Mai Almakashi ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ya ce ba komai. Tsohon na fita, Mai Almakashi ya kira Auta ya aike shi kai kaya can ƙarshen gari. Ya ƙudurta a ransa zai yanka rigar nan da hannunsa, a yabe ta a gaban jama'a, sannan ya faɗi wanda ya yi.

Ya shimfiɗa yadin, ya sa tabarau, ya buɗe littafin awo. Lambobin suka yi masa hazo-hazo. Ya murza ido, ya matso da tef kusa da hanci, ya ga abin da yake zaton ya gani, ya ja layi. Almakashin ya tafi sumul kamar kullum.

Sai da ya ɗaga gaban rigar ya kara a jikinsa sannan ya ga ɓarnar da ya yi. Ya gaza da kusan inci goma. Kuma babu sauran yadin da za a sake.

Yana nan tsaye da ƙyallen a hannu Auta ya shigo, gumi na zuba masa. Ya dubi tebur, ya dubi yayansa. Ya ɗauki tef ɗin, ya ɗora babban yatsansa a kan wata lamba, ya miƙo shi daidai inda mai lafiya zai gani.

"Yaya, wace lamba ce wannan?"

Mai Almakashi ya duba. Ya sake dubawa. Ya rufe idon dama, sai na hagu ya nuna masa wani baƙin tabo a tsakiyar tef ɗin. Ya koma ya zauna, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya ce wa ƙaninsa bai sani ba.

Auta ne ya je ya ba tsohon haƙuri. Tsohon ya karɓi ƙyallensa bai ɗaga murya ba, ya sa wata tsohuwar riga ranar auren, bai kuma ƙara taka shagon ba.

Washegari suka je asibiti. Likitar ta gane su. Ta duba jinin Mai Almakashi, ta tura shi wurin masu duba ido, da sakamako ya dawo ta tambaye shi inda ya shiga shekara biyar. Ta ce ciwon ya daɗe da kama shi, ya yi ɓarna a jijiyoyin idon hagu, kuma wani ɓangare na ganinsa ba zai dawo ba. Na dama ana sa ran ceto shi, in ya riƙe magani da ƙa'ida. Aikin yanka kuwa, ta ce ya ajiye shi.

Ta ƙara masa da abu ɗaya: murhunan nan na cikin tsoka ba sa fushi. Ko yanzu ya fara motsa jiki za su ƙaru, su taya maganin aiki. Sai dai ba za su mayar masa da abin da ya riga ya tafi ba.

Da yamma aka taru a ɗakin mahaifiyarsu, da matansu duka. Tsohuwa tana kuka tana tambayar yadda aka yi ɗaya ya tsira ɗaya ya faɗa, alhali na Auta ne ya fi muni tun farko. Auta ya gyara zama ya ce laifinsa ne da bai kula ba. Ya ce tun da likita ta ce a yi tafiya, Yaya ya ɗora masa duk aikin da ke sa mutum motsi, shi kuma ya zauna ya tsare musu shago. Ya ce lafiyar da yake ciki yau, bayan Allah, Yaya ne sanadi.

Tsohuwa ta kamo hannun babban ɗanta tana sa masa albarka, tana cewa haka ake son babba.

Mai Almakashi ya jure wa maganar likita, ya jure wa asarar yadi, amma wannan albarkar ta fi ƙarfinsa. Ji ya yi kamar ana ɗora masa dutsen guga a ƙirji. Ya zare hannunsa a hankali.

"Mama, ki daina. Ba don lafiyarsa na yi ba. Baƙin ciki nake yi da shi. Na kore shi ne don kada mutane su gan shi, kuma ban taɓa komawa gwaji ba, ƙarya na yi miki shekara huɗu."

Matarsa ta sunkuyar da kai. Ya juya wajen ƙaninsa yana jiran duk abin da zai fito, domin ya san ya cancanta.

Auta ya ce, "Na sani, Yaya. Tun shekarar farko na sani. Da farko ya yi mini ciwo ƙwarai. Da na ga tafiyar tana yi mini amfani, sai na yi shiru ina jiran ranar da za ka tashi ka biyo ni. Da na san shirun zai kai ka nan, da mun yi faɗa tun tuni."

Mai Almakashi ya rufe fuska da hannu biyu ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar rasuwar mahaifinsu.

Ranar Litinin aka cire labulen. Auta ya tsaya a teburin yanka, mutane suka shigo suna gaishe shi. Da aka buƙaci yadi daga sama, yayan ne ya miƙe ya ce shi zai ɗauko. Ya huta sau biyu kafin ya kai hawa na uku. Ya saɓo bandirin a kafaɗa, ya tsaya a kan matakala yana mayar da numfashi, yana jin ƙarar almakashinsa daga ƙasa a hannun ƙaninsa. Ya ɗan jima a wurin, sannan ya kama ƙarfen gefe ya fara saukowa a hankali.

Darasi: Mai hassada kansa yake fara cutarwa, kuma sau da yawa wahalar da ya ɗora wa wani ita ke zame wa wancan alheri. Kada ƙyashi ko jin kunya su hana ka zuwa a duba jininka, musamman idan akwai ciwon suga a gidanku. Ka tashi daga kujera, ka taka, ka hau bene, ka rage zaƙi, domin tsokar da ke aiki ita ke ƙona suga. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki da ke wuni a zaune, tura masa wannan labarin yau, ka kuma ja shi ku taka tare.